Ina Samarinmu Za Su Yi Wasa?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, 'yan'uwa masu karatu, darasinmu na wannan mako ya shafi wani al'amari ne wanda da yawa daga cikinmu ba su ɗauke shi a bakin komai ba, watau wasa da nishaɗin yara da samari, da kuma wanda nauyin tanadar musu wurin yinsa ya rataya a wuyansa. Wani zai ce me ya haɗa filin addini da maganar ƙwallo da langa? To, duk wanda ya zaga unguwanninmu da la'asar, ya ga tarin samari a bakin titi suna zaman kashe wando, ya ga yara suna buga ƙwallo tsakanin motoci da babura domin babu fili, ya san cewa maganar ta addini ce tsantsa. Imam Buhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ambaci ni'imomi biyu waɗanda mutane da yawa su ke tafka hasara a cikinsu, su ne lafiya da sararin lokaci. Babu wanda ya tara waɗannan ni'imomi biyu kamar saurayi, saboda haka babu wanda ya fi shi kusa da wannan hasara idan aka bar shi kara zube.

MATSAYIN WASA A SHARI'A

Akwai waɗanda su ke zaton cewa tsoron Allah shi ne ɗaure fuska, kuma yaron kirki shi ne wanda ba ya tsalle ba ya dariya. Wannan zato ba shi da tushe. A cikin Suratu Yusuf, aya ta 12, 'yan'uwan Annabi Yusufu sun roƙi mahaifinsu ya bar shi ya bi su daji domin ya wala ya yi wasa. Annabi Yakubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, bai ce musu wasa laifi ne ba. Abin da ya nuna tsoronsa shi ne kada su shagala kerkeci ya cinye yaron. Malaman tafsiri sun ciro hukunci daga nan cewa wasa halal ne, mu kuma sai mu ƙara lura da cewa abin da uba na gari ya ke dubawa shi ne tsaron ɗansa a wurin wasan.

Sunna kuwa cike ta ke da misalai. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi ya yi tseren ƙafa da Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, a wata tafiya ta tsere masa, bayan wasu shekaru da ta yi jiki suka sake, ya tsere mata, ya tuna mata cewa wannan ramuwar waccan ce. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa a wata ranar idi mutanen Habasha sun yi wasa da māsu a cikin masallacin Madina, Annabi ya tsaya a ƙofar ɗaki yana kāre Nana A'isha tana kallo har sai da ta gaji don kanta. Da Sayyidina Umar ya ɗebi tsakuwa zai jefe su, Annabi ya ce ya ƙyale su. Haka kuma ya taɓa wucewa ta wurin wasu mutanen ƙabilar Aslam suna gasar harbi da kibau, ya ƙarfafa musu gwiwa, ya tuna musu cewa kakansu Annabi Isma'ila maharbi ne, ya ce yana tare da ɓangare ɗaya. Ɗaya ɓangaren suka dakata, suka ce ba za su iya harbi ba alhali yana tare da abokan karawarsu, sai ya ce su ci gaba, yana tare da su duka.

Abin da ya fi dacewa da darasinmu shi ne hadisin Abdullahi ɗan Umar a kan sukuwa. Annabi ya shirya tseren dawaki da kansa, ya raba su aji biyu. Dawakin da aka horar suka tashi daga wani wuri da a ke kira Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, tafiyar mil biyar ko shida, waɗanda ba a horar ba kuwa suka tashi daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ, kimanin mil ɗaya. Ɗan Umar, wanda saurayi ne a lokacin, yana cikin mahayan. A dubi wannan da kyau. Shugaban al'umma ne ya keɓe fili, ya sa mafari da matuƙa, ya daidaita abokan gasa domin kada a zalunci mai rauni. Ashe tanadar wa matasa wurin wasa aiki ne da shugaba mafi daraja ya yi da hannunsa.

Ko a ranar yaƙin Uhudu, a shekara ta 3 bayan hijira, marubuta tarihin Annabi sun kawo cewa an mai da wasu yara gida saboda ƙarancin shekaru, amma aka karɓi Rafi'u ɗan Hadij domin gwanin harbi ne. Sai Samuratu ɗan Jundub ya yi ƙorafi cewa shi yana kā da Rafi'u a kokawa. Aka sa su suka kama, Samuratu ya kā da shi, shi ma aka karɓe shi. Da yaran Madina ba su da inda su ke kokawa da harbi tun suna ƙanana, da ba a same su a shirye ranar da a ke bukatarsu ba.

Littattafan da mu ke karantawa a zaure ma ba su bar maganar ba. Mai Risala ya ambaci halaccin tsere da dawaki da raƙuma da gasar harbi a ƙarshen littafinsa, Shehu Halilu kuma ya ware mata babi a cikin Muhtasar, daura da babin jihadi. Taƙaitaccen hukuncin a mazhabar Malikiyya shi ne, ya halatta a sa lada a tseren dawaki da raƙuma da harbi, idan ladan ya fito daga wani mai kyauta ko daga ɗaya daga cikin masu gasar. Idan kowannensu ya zuba kuɗi wanda ya ci ya kwashe, to, an shiga caca. Sauran wasanni irin su tseren ƙafa da kokawa sun halatta ba tare da an zuba kuɗi ba, matuƙar manufar ta gari ce.

IYAKOKIN DA AKA GINDAYA

Kamar yadda ya ke ga kowane halal, wasa yana da iyaka. Na farko, kada ya hana salla a kan lokacinta, ko ya cinye lokacin karatu da aikin iyaye. Na biyu, kada caca ta shiga cikinsa, domin ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida sun haɗa caca da giya wuri ɗaya, sun kuma faɗi dalili, watau Shaiɗan yana jefa gaba da ƙiyayya ta hanyarsu, yana kuma kange mutane daga ambaton Allah da salla. Cacar ƙwallo da a ke yi ta wayar hannu a yau, duk sunan da aka laƙaba mata, ita ce dai waccan cacar. Na uku, a rufe al'aura, wadda ga namiji ta kama daga cibiya zuwa gwiwa, a kuma raba maza da mata idan sun tasa. Na huɗu, kada a yi wasan da zai illata jiki, kuma hani ya tabbata a kan dukan fuska, abin da ya kamata 'yan dambe da masu shirya musu fage su yi tunani a kai. Na biyar, kada a cutar da maƙwabta da masu wucewa, kada kuma goyon bayan ƙungiya ya zama gaba. Abin kunya ne a ji 'yan unguwa ɗaya sun fasa wa juna kai saboda ƙungiyoyin Ingila ko na Sifen waɗanda ba su ma san da zamansu a duniya ba.

Ga samari masu zaman majalisa kuwa akwai hadisi nasu na musamman. Annabi ya gargaɗi sahabbai game da zama a kan hanyoyi, suka ce ba su da makawa, domin nan ne wurin hirarsu. Bai kore su ba. Ya ce idan lalle sai sun zauna, to su ba hanya hakkinta, ya lissafa runtse ido, da kame cuta, da amsa sallama, da umurni da kyakkyawa, da hani daga mummuna. Hikimar da ke cikin wannan ita ce, ya yarda cewa bukatar haɗuwa da hira bukata ce ta gaskiya, sa'an nan ya tsarkake ta.

JIYA DA YAU

Kakanninmu sun fahimci wannan bukata. Kowane gari da kowace unguwa suna da dandali. Idan farin wata ya fito yara maza su yi langa da kokawa, 'yan mata su yi gaɗa da carafke, ƙanana su kewaye tsohuwa tana musu tatsuniya. Da azumi ya kai kwana goma a fara tashe, da kaka a yi kalankuwa, da salla a yi hawa. Akwai sarkin samari wanda ke tsawatawa, shi ne kuma ke tara su gayya idan za a nome gonar gajiyayye ko a gyara maƙabarta. Gaskiya ne dandali yana da nasa aibin, malamai sun daɗe suna wa'azi a kan cuɗanyar maza da mata da wasu al'adun da ke tattare da shi. Amma yana da abubuwa biyu masu daraja: fili ne na kowa wanda ba a biya, kuma idon manya yana kansa, domin a lokacin ɗa na kowa ne.

Hukumomi ma sun taɓa ɗaukar abin da muhimmanci. A zamanin mulkin Audu Bako a Jihar Kano, daga 1967 zuwa 1975, aka gina gidan namun daji wanda har yau yara ke tururuwa zuwa cikinsa da salla. A 1973 aka fara bikin wasanni na ƙasa a Legas, Kaduna ta karɓi baƙuncinsa a 1977. A Jamhuriyar Nijar gwamnatin Seyni Kountché ta farfaɗo da ƙungiyar Samariya a kan tsarin sarkin samari na gargajiya, a 1975 kuma aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, wadda a ke ba zakaranta takobi, gasar da ta zama abin da ke haɗa kan ƙasar baki ɗaya. A ɓangaren addini, musabaƙar karatun Alƙur'ani ta ƙasa da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara shiryawa a 1986 ta nuna yadda gasa mai tsari ke zaburar da yara, domin a dalilinta dubban yara maza da mata sun haddace Littafin Allah da tajwidi.

To, yau fa? Birane sun cika sun batse, kuma duk inda aka ga sarari sai a yanka shi fuloti ko a jera masa kantuna. Filayen makarantu, da gefen filayen idi, da tsofaffin dandali, da yawa sun tafi ta wannan hanya. A kan yanka sabuwar unguwa mai ɗaruruwan gidaje ba a bar ko taku hamsin na yara ba. Yaron da ke zaune a ɗaki ɗaya da ƙannensa shida, ba fili a gida ba fili a waje, ina zai nufa? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gidan kallo na buɗe har tsakar dare, shagon caca na kusa, mai sayar da ƙwaya kuma ba ya korar kowa. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da hukumomin Nijeriya, wanda ya shafi shekarar 2017, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekaru 15 zuwa 64 sun sha wata ƙwaya mai sa maye a cikin shekara guda. A watan Mayu na 2018 sai da gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin saboda yadda samari da 'yan mata, har da matan aure, suka rungume shi. 'Yan daba a Kano, da 'yan sara-suka a Bauchi da Jos, da 'yan kalare a Gombe, ba daga sama suka faɗo ba. Rashin aiki da talauci da sakacin iyaye duk suna da kaso a ciki, amma ƙarfin ƙuruciya kamar ruwan sama ne, idan ba a yi masa magudana ba zai yi wa kansa, ta cikin gidajen mutane.

NAUYIN WA NE?

Hadisin da ya ce kowannenmu makiyayi ne kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo ya fara ne da shugaba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin littafin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sanya tanadar wa jama'a abubuwan amfaninsu na duniya da na addini cikin ginshiƙan mulki, har ya ambaci kula da masu sana'a da kasuwanni da hanyoyi. Dokar ƙasa ma ta zo daidai da haka. Tun bayan gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976 aka mai da su matakin mulki mafi kusa da talaka, kuma jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya lissafa ginawa da kula da wuraren shaƙatawa da lambuna da filayen jama'a cikin ayyukansu. Ƙananan hukumomi 774 ne a Nijeriya, 44 daga cikinsu a Jihar Kano. A watan Yuli na 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba su kasonsu kai tsaye. Saboda haka talaka yana da hujja ta addini da ta doka idan ya tambayi shugaban ƙaramar hukumarsa da kansilansa: ina filin yaran mazaɓarmu?

Abin da a ke nema ba gagarumin gini ba ne. Fili ne a kowace mazaɓa, a yi masa takarda da sunan jama'a domin kada wani ya wayi gari ya sayar, a kewaye shi, a dasa itatuwa, a sa famfo da wurin alwala da ɗan masallaci, a ɗauki mai gadi. Ɗaki ɗaya na karatu mai fitila, inda ɗalibi zai yi bitar darasinsa da dare, ya fi raba wa samari kuɗin shan shayi a lokacin zaɓe. Filayen makarantun gwamnati da ke kulle daga azahar, a buɗe su da la'asar ƙarƙashin kulawar wani malami da za a riƙa ba ɗan alawus. Hakimai da dagatai da masu unguwanni kuwa, su ne suka san tarihin kowane fili, kada su sa hannu a takardar da za ta raba yara da dandalinsu.

Masu hali su ma ga tasu ƙofar lada. Lokacin da Sayyidina Umar ya sami gona a Haibara ya nemi shawarar Annabi, sai ya nuna masa ya tsare asalinta, ba saye ba gado, a riƙa sadaka da amfaninta. Wannan shi ne wakafi, ko hubusi. Mun saba da wakafin masallaci, har a kan ga masallatai uku a layi ɗaya ana rabon mamu. Da ɗaya daga cikin masu ginin ya sayi fili ya tsayar da shi domin yaran unguwa, ya haɗa da ɗakin karatu, da niyyar tsare su daga ɓata, muna kyautata zaton Allah zai rubuta masa shi cikin sadaka mai gudana. Jihohin da ke da hukumomin zakka da hubusi suna iya riƙe irin wannan amana.

Malamai da limamai kuma aikinsu bai tsaya ga hani a kan mumbari ba. Idan aka ce wa yaro bari, sai a nuna masa abin da zai kama. Ƙungiyoyin 'yan agaji, da tarurrukan hutu da ƙungiyar ɗalibai Musulmi ke shiryawa, sun nuna cewa samari suna son horo da fareti da tafiye-tafiye idan sun sami mai ja musu gora. Me zai hana kwamitin masallacin Juma'a ya sa kofi tsakanin makarantun Islamiyya na yankinsa, a haɗa ƙwallo da tsere da kacici-kacici da muhawara, a tsai da wasa idan an kira salla, liman da kansa ya miƙa kyauta? Yaron da ya ga malaminsa a bakin fili yana masa murmushi zai fi sauraronsa a zaure.

Kada kuma a manta da 'yan mata, domin su ne aka fi mantawa. Nana A'isha ta ba da labari cewa tana wasa da 'yar tsana tare da ƙawayenta, idan Annabi ya shigo su ɓuya, shi kuwa ya riƙa turo su wurinta su ci gaba da wasansu. Mata sun roƙe shi ya ware musu rana tasu, ya ware. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'yan taru, inda jajis ke kai ilimi ga mata har ƙauyuka. Wuri mai katanga wanda mata ke gudanarwa, inda yarinya za ta motsa jiki, ta yi karatu, ta koyi ɗinki ko saƙa ko aikin kwamfuta tare da tsararrakinta, ya fi a bar ta da talla a tasha ko da waya a ƙuryar ɗaki. Haka nan almajirai, waɗanda ke hutun Alhamis da Juma'a, su ma yara ne, suna da hakki a filin unguwar da su ke zaune.

Iyaye kuwa su ne makiyaya na farko. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Uba ya san inda ɗansa ke wasa da waɗanda ya ke wasa da su, ya sa masa lokacin dawowa, wani lokaci ma ya je ya tsaya ya kalla. Annabi ya kan tsaya ya yi wa ƙaramin ƙanen Anas, Abu Umair, barkwanci a kan ɗan tsuntsun da ya ke wasa da shi. Wanda ya fi kowa nauyin aiki ya sami wannan lokaci, balle mu.

Ku kuma samari, ku tuna cewa cikin mutum bakwai da Allah zai sanya a inuwarsa ranar da babu wata inuwa akwai saurayin da ya tashi cikin bautar Ubangijinsa, kuma mumini mai ƙarfi ya fi soyuwa ga Allah a kan mumini mai rauni, ko da ya ke akwai alheri ga kowannensu. Kada ku jira sai an yi muku komai. Ku haɗa kai ku share filin da ya zama juji, ku je wurin mai unguwa da ladabi, ku rubuta wa kansila takarda, ku kuma tsare wurin daga masu shaye-shaye idan an ba ku. Annabi ya gaya wa Hanzala, sa'ad da ya ji tsoron ya zama munafuki don yana wasa da iyalinsa bayan ya bar majalisin wa'azi, cewa kowane abu da sa'arsa. Ku ba wasa sa'arsa, ku ba salla da karatu da sana'a tasu.

Allah ya shirya mana zuriyarmu, ya ba shugabanninmu ikon riƙe amanar da ya ɗora musu, ya sa mu cika da imani. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.